Rufin da Baba Zamani Ya Shanya

Duk baƙon da ya shigo cocin ƙauyenmu, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai. Rufin na kankare ne, kashi huɗu a jere, kowane kashi ya lanƙwasa kamar an tsaga ganga biyu an kife, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ɗakin. In baƙon mai lura ne sai ya tambaya me ya sa kashi na huɗu launinsa ya fita daban. Yaran yanzu kan ce wai siminti ne ya ƙare aka sayo wani iri. Ƙarya suke yi, ba su san komai ba. Ni Lucia na sani, don da kaina na ɗebi ruwan rufin nan, ƙanena Nicholas ne ya zana shi, sauran labarin kuwa na ubanmu ne, Baba Zamani.

Ƙauyenmu bai fi mil bakwai daga Kafanchan ba. Tsohon cocinmu na laka ne, gara ta cinye itatuwan rufinsa, mutane kuma sun yi yawa har rabinmu a waje muke tsayawa. Dattawa suka ce a yi sabo da rufin kwano kamar na kowa. Sai ga Nicholas ya zo Kirsimetin 1976. Ya gama karatun zanen gine-gine a Zariya, ya sami aiki a Kaduna, ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da wani ƙaton littafi a hammata.

A gindin mangwaron coci ya buɗe mana littafin. Kai, mun ga abin mamaki ranar! Ya nuna mana wani gini a Ostareliya, a bakin teku, kamar an jera ɓawon ƙwai a tsaye. Ya fito da hoton jarida na ginin da aka yi a Legas saboda bikin gargajiya, wanda ya yi kama da hular soja. Sannan ya buɗe wani shafi, wani gidan cin abinci a Meziko, rufinsa yana hawa yana sauka, ya ce kaurin kankaren bai wuce yatsa biyu ba.

"Yatsa biyu?" in ji Katikis Yakubu, mai wa'azin cocinmu, wanda shi ne shugaban kwamitin gini. "To me ya riƙe shi?"

"Lanƙwasar ce ta riƙe shi," in ji Nicholas. "Kwano kuwa, kun sani, da rana gasa mutum yake yi, in ana ruwa kuma ba mai jin wa'azi."

Wannan ta shiga kunnen Katikis, don babu abin da ya tsana kamar ruwan sama ya fi shi murya.

Baba kuwa ya miƙo hannu. Ya karɓi littafin, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya sa ɗan yatsa yana bin lanƙwasar rufin. Ku gane, ubana ba ƙaramin magini ba ne. Rumbu yake ginawa, kuma daga Kagoro har Kachia zuwa ake yi a ɗauke shi. Har Fulanin da suka zauna suka kama noma shi suke nema. Yakan ɗora laka taki ɗaya, ya bari rana ta busar da ita, kashegari ya ƙara. In ya hango hadari, ko abinci yake ci sai ya ajiye ya ruga ya rufe aikinsa da zana. In ya gama, sai ya kara kunne a jikin rumbun ya ƙwanƙwasa da ɗan dutse. Yakan ce rumbu mai rai yana amsawa. Wanda bai amsa ba, da hannunsa yake rushe shi, ba ya bar wa kowa wannan aikin.

Da muka koma gida sai na tarar da shi a bayan ɗaki da ƙwaryar mamarmu. Ya kife ta a ƙasa, ya ɗora ƙafa ɗaya, a hankali ya sakar mata nauyinsa duka. Ba ta fashe ba. Ya ɗauko wani ɓarin tsohuwar ƙwarya wanda ya kusa miƙewa, ya taka, ya ce ƙaras.

"Yaron nan yana da gaskiya," ya ce da ni, idonsa na ƙyalli. "Bangon rumbuna ma ai yatsa biyu ne daga sama. Ashe Turawa rumbu suke kwantarwa su shiga ciki su ci abinci!"

Tun daga ranar bai sake barin wurin ginin ba. Aka kawo siminti a jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, aka kwaso shi a mota. Birkiloli suka ta da bango, kafintoci suka lanƙwasa katako a sama suka tokare shi da itatuwa sun fi ɗari biyu, har cikin ɗakin ya zama kamar kurmi. Aka shimfiɗa rodi siriri a kai. Baba yana bin su da tambaya, wannan na mene ne, wancan me ya sa, har wani kafinta ya ce tsohon nan ya fi sauro naci.

A ƙarshen Fabrairu aka zuba kankare. Gayya aka yi, kwana huɗu, kowace rana kashi ɗaya. Maza suna kwaɓawa, mata muna miƙa kwanon sarki hannu da hannu har saman tsani. Ranar ƙarshe Nicholas ya sa aka rufe kashi na huɗu da buhunan algarara kamar sauran, ya tara mu ya ce:

"Yanzu saura aikin mata. Safe da yamma a jiƙa buhunan nan sharkaf, kwana ashirin da ɗaya. Kada a bari rufin ya bushe ko na yini ɗaya. Ranar da na dawo za mu cire itatuwan."

Baba ya matso. Dama kwana uku yana haɗiye maganar.

"Nicholas, ban ji da kyau ba. Kada ya bushe ka ce?"

"E, Baba."

"Gini ɗanye, a kwara masa ruwa? Ga rana Allah ya ba mu kyauta, ka ce a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu? Shekara hamsin ina gini, ban taɓa ganin abin da ruwa ya ƙara wa ƙarfi ba."

Nicholas ya gaji, siminti ya cinye masa hannu, motar Kaduna kuma tana jira. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Baba, wannan fa ba rumbu ba ne."

Birkilolin suka kwashe da dariya. Wasu samarin ƙauye, waɗanda da acca daga rumbun Baba aka yaye su, su ma suka taya. Wallahi na ji kamar in kwaɗa wa ƙanen nan nawa kwanon sarki a ka. Baba dai ya gyara hularsa ya koma gefe.

Shugabar Zumuntar Mata, Mama Paulina, ta raba mu kashi huɗu, kowace ƙungiya da nata rufin. Ni aka ba shugabancin na huɗu, na ɓangaren yamma, inda yara za su riƙa zama. Rafi yana da nisa, ga zafin Maris, ga tudu, don a kan tudu aka yi cocin, can bakin gari. Garwa talatin da safe, garwa talatin da yamma. Muna hawa muna waƙa, wuya yana ciwo, amma ba wadda ta yi ƙorafi.

Kwana biyu da farawa sai na lura da wani abu. In mun hau da yamma, buhunan sauran ƙungiyoyi da sauran laima, namu kuwa ƙayau, kamar ba a taɓa jiƙa su ba. Na ce ko don rana ta fi dukan yamma ne. Muka ƙara garwa goma. Kashegari ma haka. Na ce ko buhunanmu ne tsofaffi, na yi musanya da na ƙungiyar Mama Paulina ba ta sani ba. Duk ɗaya.

Katikis Yakubu ya hau dubawa ya taɓa namu. Ranar Lahadi, a gaban kowa, ya ce akwai waɗansu mata da bakinsu ya fi garwarsu cika. Bai kama suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Jama'a suka waiwayo suna kallona. Ni da wuyana ya ƙage saboda ruwan nan! Na fito coci ina huci, na rantse sai na gano abin da ke shanye mana ruwa, ko mutum ne ko aljani.

A kwana na tara na tsaya na dubi buhunan da kyau kafin mu zuba. Mu mata, yadda muka ga dama muke shimfiɗa su, wannan kan wancan. Amma waɗannan an jera su daga ƙasa zuwa sama, kowane ya hau bakin na ƙasansa daidai, yadda ake baibaya jinka. Mutum ɗaya na sani a ƙauyenmu da ba ya iya ajiye ko tsumma a karkace.

Ina saukowa sai ga Safara'u, Bafulatanar da ke kawo mana nono, za ta koma ruga.

"Sannu da aiki, Lucia," ta ce. "Tsohonku dai Allah ya ba shi ƙarfi. Kullum na biyo da rana tsaka ina hango shi a kan tsani, yana ta kwashe buhu shi kaɗai. Na ce ina 'ya'yansa?"

Kashegari da rana tsaka, lokacin da kowa ke gona yana shara ko yana kwance a inuwa, na hau tudun. Na same shi zaune a kan rufi na huɗu. Ya ninke buhunan ya tara a gefe, kankaren yana shan rana, shi kuma yana shafa shi da tafin hannu kamar mai lallashin jariri.

"Baba!"

Bai ko firgita ba. "Hau a hankali, tsanin yana rawa."

"Baba, kai ne? Ana zagina a coci, ashe kai ne?"

"Zauna, uwata." Haka yake kirana in yana so ya kashe mini jiki, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Taɓa nan ki ji. Kin ji yadda ya bushe? Je ki taɓa waɗancan, sanyi ƙalau kamar randa. Ranar da aka cire itatuwan nan, abin da ya sha ruwa kwana ashirin zai zubo. Mutane za su zo daga Kafanchan su yi wa ɗana dariya. Na ce bari in ceci ko ɗaya. In uku suka faɗi, ɗaya ya tsaya, ai ba za a ce bai iya ba, za a ce ruwa ne ya yi yawa."

"In kuma shi ne mai gaskiya fa?"

"To sai mu gani. Ni ma so nake in sani. Ke kin taɓa ganin bangon da aka jiƙa ya yi ƙarfi?"

Ban taɓa gani ba. Gaskiya ta nan ya ɗaure ni, don ni kaina ina zuba ruwan ne kawai saboda an ce in zuba. Duk da haka na ce sai ya daina, in ba haka ba zan aika wa Nicholas. Ya ce ba komai, ai ya riga ya bushe. Ya roƙe ni in yi shiru har ranar. Na yi shiru, amma kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba. In na faɗa, sunan ubana na shekara hamsin ya zube. In na ƙi faɗa, ban san me zan bari a rataye a kan 'ya'yan mutane ba, har da nawa uku.

Ranar Asabar da aka sa, tudun ya cika. Ma'aikatan reluwe sun zo a kan kekuna daga Kafanchan, 'yan makarantar sakandare sun zo da malaminsu, Fulani sun tsaya can nesa da sandunansu. Kowa so yake ya ga rufin da ba ginshiƙi, amma ba wanda ya yarda ya matso kusa da bango.

Nicholas ya hau, ni da Katikis muna biye, aka yaye buhuna. Na farko, na biyu, na uku, duk sumul, launin toka mai duhu. Ya karce da ƙusa, ko alama. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya. Wannan ya yi fari fat, ga ƙananan tsaga ko'ina kamar faso a diddige. Ya ja ƙusa, sai gari ya biyo ta. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Yaya Lucia, wannan bai sha ruwa ba."

"Na faɗa!" in ji Katikis da ƙarfi, don na ƙasa su ji. "Tun farko na faɗa. Ga aikin matan da suka fi kowa surutu!"

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Ban san ko zan faɗa ko ba zan faɗa ba, sai na ji tsani yana rawa. Baba ne yake hawowa, da ɗan dutsensa a hannu.

Bai kalli kowa ba. Ya durƙusa a kan rufi na farko, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa. Har ni da ke tsaye na ji ƙarar, siririya, tsaf. Ya je na biyu, ya je na uku. Sannan ya zo nasa, ya ƙwanƙwasa. Buf, buf, kamar an bugi buhun gari. Ya koma na uku, ya sake dawowa na huɗu. Sau uku yana wannan kai da kawowa. Da ya ɗago, na zaci kunya zan gani a fuskarsa, amma wallahi mamaki ne ya fi yawa.

"Nicholas, me ya sa? Wanda ya sha ruwa ya amsa, wanda ya sha rana ya mutu. Me ya sa?"

Nicholas ya dubi buhunan, ya dube ni, ya dubi Baba. Ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya durƙusa kusa da shi ya rage murya.

"Baba, laka sai ruwa ya fita take ƙarfi. Siminti kuwa shan ruwan yake yi, ruwan ya zauna a cikinsa, su zama dutse tare. Kamar tuwo ne. In ruwa ya ƙone kafin ya nuna, gari za ka kwashe."

"Ashe nuna yake yi, ba bushewa ba," in ji Baba a hankali. Ya maimaita har sau biyu, yana jinjina kai. Sannan ya ce, "Da haka ka gaya mini ranar nan, ai da na ji."

Nicholas ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, mu sauka, a gida ma yi maganar. Zan ce simintin ne ba shi da kyau."

"Za ka bar shi a kan yara?"

"A'a. Dole a fasa shi a sake zubawa."

"To simintin bai yi laifi ba, matan nan ma ba su yi ba."

Ya miƙe, ya je bakin rufin inda kowa zai gan shi, ya cire hularsa.

"Jama'a, ni Zamani, ni na shanya rufin nan. Kwana tara ina kwashe buhu da rana ina mayarwa kafin yamma. Na zaci na fi ɗana sani. Matan nan sun kawo ruwansu cif, ni na ba rana ta shanye. A miƙo mini guduma."

Ba wanda ya yi dariya. Birkilan da ya fi kowa dariya wancan karon shi ya hau da gudumar, ya miƙa da hannu biyu. Nicholas ya ce a bar wa samari, Baba ya ce abin da bai amsa ba mai shi ke rushewa, haka ya gada. Ya ɗaga guduma ya sauke, kankaren ya farfashe ba gardama. Ni kuwa na zauna a kan buhuna na yi ta kuka, ban damu da wanda ke kallo ba. Katikis Yakubu ya sauka sumui-sumui, kuma har ya mutu bai ce mini yi haƙuri ba, ina nan ina tune.

Da la'asar aka cire itatuwan sauran ukun. Kafintoci suna bugewa ɗaya bayan ɗaya suna ja da baya. Rufin bai motsa ba. Baba ne ya fara shiga, ya kwanta rigingine a ƙasa da rigarsa ta zuwa coci, ya daɗe yana kallon sama. A nan muka yi Ista, kashi uku a rufe, na huɗu sararin Allah.

Bayan Ista aka sake zuba na huɗun. Washegari da safe muna haɗuwa a rafi sai ga Baba da garwa da gammo. Namiji, dattijo, a layin mata! Mama Paulina ta ce, "Haba Baba, ka rufa mana asiri." Ya ce shi ya sa rufin nan ƙishirwa, shi zai shayar da shi. Kwana ashirin da ɗaya bai fasa ko sau ɗaya ba, har ranar da aka yi ruwan farko sai da ya hau ya taɓa buhunan ya tabbatar. Shi yake jera su, irin jerin jinka, sai ga shi sun fi riƙe laima, har Nicholas ya zana yadda ake yi a ɗan littafinsa.

Ranar cire itatuwa, kafintoci sun ɗaga guduma ke nan Nicholas ya ce su dakata. Ya sunkuya ya tsinci ɗan dutse, ya goge shi a jikin wandonsa, ya miƙa wa Baba a gaban kowa. Ya riƙe masa tsani da kansa.

Baba ya hau, ya durƙusa, ya kara kunne. Ya ƙwanƙwasa nan, ya matsa ya ƙwanƙwasa can, bai bar ko kusurwa ɗaya ba. Muna ƙasa rana tana dukanmu, injiniya da takardunsa yana tsaye yana jira kamar kowa. Can Baba ya leƙo, ya nemi fuskar ɗansa a cikin taro.

"Ya amsa," ya ce. "Ku cire."